Yadda Muka Kai Jitar Kawu Modu Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ni da Kawu Modu, da wuya in zauna a majalisarmu ta gindin ɗorawa ba a sami wanda ya ce, "Malam Garba, wai yaya aka ƙare da maganar jitar nan?" ba. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowa guntun da ya yi masa daɗi yake ɗauka ya kai gaba. Rannan a kasuwar Tofa na ji wani yana rantsuwa cewa jandarmomi sun ɗaure mu sun ƙwace jitar. Babu wanda aka ɗaure. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Kawu Modu yayan mahaifiyata ne. Iyayensu daga Barno suka zo suka zauna a ƙauyenmu, tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, kuma har yau in ransa ya ɓaci da Barbarci yake faɗa. Yaran yanzu sun san shi tsoho mai lambun albasa wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci. Ba su san cewa da ƙuruciya ya gudu birni ya shiga ƙungiyar makaɗa a wani otal a Sabon Gari ba. A can ya haɗu da Illa, mutumin Damagaram, su biyu ne masu kaɗa jita. Da ƙungiyar ta watse kowa ya koma garinsu da jitarsa, ya yi aure, ya kama abin yi. Kawu bai daina kaɗawa ba, sai dai ya mayar da abin bayan rumbu, da la'asar, a hankali, don kada liman ya ji.

Jitocin nan biyu suna ɗaya ne rubuce a kansu, Norwal. Illa ya sayi tasa a hannun wani makaɗi ɗan Gana, a cikinta akwai takarda manne mai ɗauke da sunan wani gari na Amurka. Kawu kuwa sabuwa ya saya a kanti, amma a bayan kanta an buga Japan da ƙananan baƙaƙe. Daga nan musu ya tashi, tun kafin a haife ni. Illa ya ce tasa ce ta asali, ta Modu jabu ce. Kawu ya ce tasa a cikin kwalinta ya ɗauko ta, ta Illa kuwa babu wanda ya san hannun da ta biyo. Sun daɗe ba su ga juna ba, amma musun bai taɓa yin sanyi ba, domin duk falken shanun da ya sauko daga arewa sai ya zo da saƙo: "Illa yana gaida mai jabu." Kawu kuma ya mayar da abin da ya fi haka zafi.

A bazarar bara saƙon ya zo daban. Falken ya ce Illa yana kwance, ya daina cin abinci, matarsa ta ce in Modu yana son ya same shi da rai to ya taso. Shi kuwa Illa abu ɗaya ya ce a faɗa: a zo da jabun.

Kowa ya san irin shekarar da muke ciki. Damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, taki ya gagari talaka, sabulu da madara sai an bi layi a birni, mu malaman firamare kuwa mun manta ranar da muka ga albashi a kan lokaci. Gona ce kawai abin dogaro, ga shi hadari ya fara leƙowa ta gabas. Duk wanda ruwan shuka ya sauka ba ya gida, ya san abin da ke jiransa. Kawu kuma yanar ido ta rufe masa gani, ba ya iya tafiya shi kaɗai. Na fara kawo uzuri, Inna ta katse ni.

"Garba, ɗan'uwana ne, kuma abokinsa ne na tun samartaka. Ka raka shi. Gona ba a kanku aka fara ta ba."

Inna ce ta naɗe jitar. Ba ta sami buhu mai kyau ba, sai ta ɗauko wani farin yadi ta lulluɓe ta tsaf, ta ɗaure sama da ƙasa. Babu wanda ya kawo komai a ransa a cikinmu.

A Dawanau muka tari motar Daura, wata tsohuwar bas da ƙofarta sai an ɗaure da igiya. Kwandasta ya miƙa hannu zai ɗora kayan a sama tare da buhuna, Kawu ya rungume abinsa ya ce, "A'a, a jikina za ta zauna." Ya shiga ya ɗora ta a kan cinyarsa, ya dafe da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, don tunanin Illa ya cika masa zuciya. Ban ankara ba sai na ji motar ta yi tsit. Direba ya kashe kaset. Wani dattijo a gaba ya cire hularsa ya mayar. Wata mata da ke bayanmu, mai jiki, da kwandon ƙwan zabi a ƙafarta, ta fara share hawaye da gefen mayafi. Can ta taɓa kafaɗata.

"Bawan Allah, sai haƙuri. Mace ce?"

Kawu da ya ji rabin tambayar ya ce, "Mace ce. Tun ina saurayi muke tare."

Matar ta shiga lissafin yadda wadda aka yi samartaka da ita za ta zama 'yar ƙarama haka. Ni kuma na buɗe baki zan yi bayani ke nan, motar ta faɗa wani rami bayan Ɗambatta, gawar ta ce ɗirrrin. Matar ta yi salati da ƙarfi ta miƙe tsaye, kanta ya bugi rufin mota, ƙwai kuwa ba a magana. Da na kwance bakin yadin suka ga abin da ke ciki, dariyar da aka yi har direba sai da ya gangara gefen titi ya tsaya. Matar, Hajiya Rabi sunanta, ta yi ta faɗa tana dariya. "Ku tsofaffin banza! Na zubar da hawayena a kan molon Turawa, na zubar da ƙwaina!" Daga nan har Kazaure ba ta bar Kawu ya huta ba, shi ma bai bar ta ba. Ashe mutuniyar Matamaye ce, hanyarmu ɗaya.

A Daura muka canza mota zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Ta ɓangarenmu ba a tsananta ba. Da muka tsallaka sai na ga abin mamaki: mutanen iri ɗaya, harshe ɗaya, gonakin gero iri ɗaya, amma kakin ma'aikata ya canza, allunan hanya sun koma Faransanci, kuma kowa "lahiya lau" yake amsa gaisuwa. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo siriri mai tsagar fuska, ya sa aka kwance jitar a kan tebur. Ya juya ta, ya ga rubutun bayan kai.

"Kayan Japan. Sayarwa za ku yi?"

Kawu ya ce, "Ɗana, kawo hannunka." Ya kama yatsan ma'aikacin ya bi da shi a kan wuyan jitar, inda katako ya lotsa saboda daɗewar dannawa. Sannan ya buɗe masa tafin hannunsa na hagu, ya ɗora yatsunsa a cikin lotsawar, kowane yatsa ya zauna a gurbinsa. "Wa zai sayi wannan? Ba ta dace da hannun kowa ba sai nawa."

Mutumin ya yi murmushi ya ce a naɗe. Sai ya juyo kaina ya tambayi sana'ata, na ce malamin makaranta ne.

"A'a, ashe Mushe ne! Sannu Mushe, bismilla wuce."

Raina ya ɓaci. Mutum da ransa da lafiyarsa a kira shi mushe a gaban jama'a? Na tsaya zan nemi ba'asi, Hajiya Rabi ta ja rigata ta raɗa mini cewa a ƙasarsu haka ake kiran malamin boko, girmamawa ce, daga Faransanci aka samo. Na haɗiye maganata. Kawu kuwa ya sami abin yi. Har muka dawo gida bai sake kirana Garba ba, sai "Mushe, miƙo mini buta."

Motar da muka shiga daga iyaka a-kori-kura ce, mu da awaki da buhunan garin rogo. Tayoyinta duk faci ne a kan faci, domin a shekarun nan sabuwar taya ta fi ƙarfin direba ko ta wane ɓangare. Dab da shiga Matamaye ɗaya ta fashe, ta ajiyar ma ashe a fashe take. Rana ta yi ƙasa, babu wata mota sai gobe. Hajiya Rabi ta ɗora kwandonta a ka ta ce, "Ku taso. Ba zan bar masu gawa su kwana a tasha ba."

Gidanta ƙarami ne, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata ne a gidan. Ta sa aka share mana zaure. Tuwon gero miyar kuka aka kawo, irin na gida sak, sai dai na lura kwanon da aka kawo mana ya fi wanda ya shiga ciki girma, kuma na san ba don sun ƙoshi ba ne. Muna kukan wahala a Kano, amma abin da na gani a can ya sa na ji kunya. A bakin garin akwai bukkokin makiyaya da suka gangaro daga arewa, fari ya cinye dabbobinsu ƙaf, manyan mutane masu rawani suna zaune ba abin kiwo. Ruwan alwala a ɗan gwangwani aka ba mu, kuma ana tara wanda ya zuba a kwano don a ba kaji. Da safe aka kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa laushi. Kawu ya lalube shi daga wannan kai zuwa wancan ya ce, "Mushe, wannan ci ake yi ko dogarawa?" Sai da ya jiƙa shi a shayi sannan haƙoransa suka yarda. Da za mu tafi na yi ƙoƙarin ba Hajiya wani abu saboda ƙwanta, ta harare ni har na mayar da hannuna aljihu. Cuku ta ƙulla mana a leda, wato busasshen nonon da suke yi fale-fale kamar takarda, ta ce a kai wa mara lafiya.

Damagaram gari ne a cikin duwatsu, manya-manya kamar an jibge su da gangan, gidaje suna raɓe a jikinsu. Gidan Illa a Birni yake, tsohuwar unguwa mai lunguna. Matarsa, Inna Zainu, ta tare mu a zaure, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saurin magana. Ta gaida Kawu ta rushe da kuka, sannan ta share fuska ta ce kada mu nuna masa mun tsorata.

Na tsorata. Mutumin da Kawu yake ba mu labari, ƙato mai dariya kamar tsawa, shi ne wannan da ke kwance a kan tabarma kamar an shimfiɗa riga. Kawu bai ga abin da na gani ba, amma da ya durƙusa ya kama hannunsa, na ga fuskarsa ta canza. Suka daɗe hannu cikin hannu. Can Illa ya buɗe baki, murya ƙasa-ƙasa.

"Modu. Ka tsufa."

"Kai kuma ka yi ƙiba."

"Ka zo da jabun?"

"Na zo da jitar. Ina taka ta gwanjo?"

Illa ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya biyo baya. Inna Zainu ta kawo fura, ya kau da kai. Ta ce haka yake yi, likita ya ce ciwon ƙirjin yana jin magani, amma mutumin da ba ya cin abinci, magani ba zai riƙe shi ba. Abin da yake so kawai shi ne su kaɗa tare kamar da. Aka ɗauko tasa daga saman kabad, sai ga tsirkiya biyu a tsinke, kunne ɗaya kuma, wato abin da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, ya karye. Inna Zainu ta ce akwai wata mata 'yar Lome a unguwar Zango, Madam Afi, ita kaɗai ke sayar da irin waɗannan kaya.

Washegari muka ɗauki jitocin biyu, don ta Kawu ma tana son sabuwar tsirkiya. Muka isa da azahar, muka tarar da kanti a rufe, na kusa da shi ma a rufe, layin gaba ɗaya kamar an yi rasuwa. Wani mai shayi ya ce ai a nan in rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, ofis da kanti, sai la'asar. Na ce a Kano wanda ya rufe shago da rana tsaka sai a je gida a duba shi. Ya ce shi ya sa Kanawa ba sa daɗewa. Ya zaunar da mu a inuwa ya dafa mana shayinsu na 'yan ƙananan kofuna, na fari ɗaci kamar maɗaci, na bayansa zaƙi. Na shanye na farko na miƙe zan yi godiya, ya ce in zauna, ba a tashi sai an kai ƙarshe.

Madam Afi ta zo da la'asar, doguwa kakkaura da tabarau a rataye a wuya, Hausarta tana da ɗan karkace amma ba ta rasa kalma. Da muka kwance jitocin a kan teburinta sai ta dafe ƙirji.

"Norwal har biyu! Rabona da ganin waɗannan tun mijina yana da rai. Shi yake shigo da su ta tashar jirgin ruwa a Lome."

Kawu ya gyara tsayuwa. "To Madam, tunda kin san su, ki raba gardama. Wacce ce ta asali?"

Ba ta amsa ba. Ta sassauta tsirkiyoyin, ta ciro madubin kwalliya daga jakarta da 'yar tocila, ta zura madubin cikin ramin jitar Kawu ta haska. Ta kira ni in duba. A can ciki, a jikin katakon da wuyan jita ya shiga, akwai wani ɗan tambari da aka ƙona da wuta, da rubutun Japan a ƙarƙashinsa. Ta zura a cikin ta Illa. Tambarin nan ne dai, babu bambanci ko kaɗan.

"Baba, waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji ta. "Sunan na wani Ba'amurke ne. Da can shi yake ƙerawa a garinsu, amma irin waɗancan da wuya su iso nan. Da aikin ya yi masa tsada sai ya yi yarjejeniya da wata masana'anta a Japan, su ƙera, su buga sunansa, su ba shi ladan sunan. Na farkon da suka yi ba su rubuta Japan a waje ba, sai takarda mai sunan garinsa, don a lokacin mutane raina kayan Japan suke yi. Ta abokinka ke nan. Daga baya aka ce dole a rubuta inda aka yi abu. Taka ke nan. Hannu ɗaya ne ya yi su, tasa ta girmi taka da kaɗan."

Kawu ya ce, "Mushe, ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ya sake tambaya, na sake amsawa.

Madam ta ci gaba tana ɗaura kunne. Ta ce daga baya mai sunan ya sayar da shi ga wani kamfani, su kuma suka karɓe aikin daga masana'antar farko suka ba wata. Ta farkon ba ta daina ba, ta ci gaba da ƙera jitar yadda ta saba, ta canza baƙi ɗaya kawai a sunan. Aka shiga kotu. "Kayan mijina suna tasha aka ce ba za su fita ba sai an cire sunan. Ni da hannuna na zauna da reza ina kankare suna daga kan jita, ina kuka. Kuma waɗanda na kankare sun fi masu sunan daɗin sauti."

Na ce wannan ai kamar daddawar Delu ce a ƙauyenmu. Delu ta tsufa ta daina ko zuwa kusa da tukunya, surukarta ce ke yi, amma har Bagwai daddawar Delu ake nema, kuma Delu ake kai wa nata kason.

Madam ta yi dariya ta ce, "To ka gane. Ranar da surukar ta yi fushi ta koma gidansu da tukunyarta, sai ku ga rigima."

Muka fito Kawu yana tafe kamar saurayi, har yana jan hannuna maimakon in ja nasa. "Ta Amurka! Tun muna samari yake cika mini baki da Amurka!" Yana ta tsara yadda zai faɗa. Amma muna shiga lungunan Birni tafiyarsa ta fara sanyi. A ƙofar gidan ya tsaya ya riƙe ni.

"Garba," ya ce, kuma wannan karon da sunana ya kira ni, "kada ka faɗa masa. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji, ba shi da lafiya. Abu ɗaya ya rage masa da yake taƙama da shi. Ba ni zan karɓe ba."

Muka shiga. Illa ya karɓi jitarsa ya shafa sabon kunnen, ya ɗago ido.

"Me 'yar Lome ta ce?"

Kawu ya zauna a gefen tabarma ya ce a hankali, "Ta ce taka ce ta asali. Ka yi gaskiya, Illa. Tawa jabu ce."

Na zaci zan ga murna. Illa ya daɗe yana kallon Kawu. Sannan ya ture jitar gefe, ya juya fuskarsa bango.

"Zainu, me likita ya gaya musu da ba ku gaya mini ba?"

Ta ce wallahi ba su ma ga likita ba.

"Ƙarya ne. Modun da na sani, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ce haka ba. Tun daga Kano ka taso ka yi mini ta'aziyya ina da rai? Tashi ka koma, shuka tana jiranka."

Inna Zainu ta dube ni, na dubi ƙasa. Kawu yana zaune, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya fashe, ya fara da Barbarci, sannan ya dawo Hausa.

"To tunda haka kake so! Taka ma Japan ce! Japan ce tun daga kai har gindi! An haska da madubi, ga Mushe nan ya gani. Takardar da kake ta nuna wa mutane ado ce kawai. Masana'anta ɗaya, tambari ɗaya, ni dai tawa ba ta ɓoye asalinta ba!"

Illa ya juyo. Ya dafa ƙasa da gwiwar hannu, ya yunƙura, ya tashi zaune, abin da Inna Zainu ta ce ya daɗe bai yi da kansa ba.

"Wa ya faɗa? Mai sayar da batir da reza? Me ta sani?"

"Mijinta ne yake shigo da su!"

"Mijinta ɗan fasa-ƙwauri! Kuma ko da hakan ne, wacce aka fara yi?"

Kawu ya rage murya. "Taka, da kaɗan."

"To! Wadda aka fara yi ita ce ta asali, ta baya kwaikwayo. Zainu, ina furar nan? Kawo in jiƙa maƙogwaro, yau sai na koya wa Babarbaren nan hankali."

Inna Zainu ta fita da gudu kamar yarinya. Na bi ta don in karɓo kwanon, na same ta a bakin madafi tana dama fura tana kuka tana dariya. Illa ya sha fiye da rabi, ya gutsiri cukun Hajiya Rabi yana taunawa yana nuna Kawu da yatsa.

Bayan la'asar ta washegari suka kaɗa. Wani kiɗa ne na mutanen Kwango da suka koya daga faifai a Sabon Gari, ɗaya yana riƙe ƙasa, ɗaya yana yawo a sama. Yatsun Illa ba su da ƙarfi, sau da yawa sauti yana mutuwa a hannunsa, sai Kawu ya rage gudu ya jira shi, kuma ya ce laifin jitar ne. Maƙwabta suka cika zaure. Ni dai na rufe ido na yi iya ƙoƙarina in bambance sautin wannan da na waccan, na kasa.

Mun ƙara 'yan kwanaki, kullum Illa yana ɗan ƙara ci. Ranar da iska ta juyo da ƙanshin ƙasa, shi da kansa ya kore mu. Ya rako mu har zaure yana dafe da kafaɗar matarsa. Suka rungumi juna da Kawu, babu wanda ya yi maganar sake haɗuwa. Ruwa ya same mu a Kazaure, kamar da bakin ƙwarya, ni kuwa hankalina duk yana kan gona. Da muka iso muka tarar ashe a gida tun cikin dare ruwan ya sauka, Inna ta tara maƙwabta sun shuka tawa da ta Kawu tun da sassafe, har da faɗan cewa layin da suka ja ya fi nawa miƙewa.

Illa ya ga kaka. Bayan an gama girbi ne wani ɗan'uwan Inna Zainu ya zo har gida ya gaya mana ya rasu, cikin sauƙi, bayan sallar asuba. Muka yi addu'a. Sai baƙon ya ce Inna Zainu ta ce lallai a gaya wa Modu wani abu: tun da muka tafi, da Illa ya sami ƙarfin fita, kusan kullum sai ya sa an kai shi kantin Madam Afi, ya zauna a benci ya yi ta musu da ita har ta rufe, kuma bai taɓa yarda ba. Ranar jana'iza ta rufe kantinta, ta zo ta zauna cikin mata tana kuka, tana cewa ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Kawu ya yi dariya har hawaye suka zubo, hawayen kuma suka ci gaba bayan dariyar ta tsaya. Muka bar shi. Can ya share fuska da hannun riga, ya laluba ya ɗauki butarsa, ya ce a shimfiɗa wa baƙo tabarma a kawo masa abinci, ya yi tafiya mai nisa.